Yadda Na Wanke wa Kyanwa Gudunta

Ran Asabar ɗin da ta wuce, a wajen wani suna a Germantown, nan Amurka, samarinmu uku suka ritsa ni a gindin tukunyar shayi. Babbansu, wanda ke aiki a wani kamfanin kwamfuta, ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce, "Kawu Isyaku, wai da gaske ne katun kake kallo a office?"

Na ce da gaske ne, wani lokacin.

Ya zaro waya. "Ai wannan easy ne yanzu, Kawu. Akwai app. Ka saka tsohon video, minti biyar ya fito fes."

Maiɗakina, Hajiya Rabi, tana wucewa da faranti, maimakon ta kare ni sai ta ƙara wa wutar fetur. "Ku faɗa masa dai. Ni ko a gida aka tambaye ni aikin Malam, cewa nake kallon kyanwa da ɓera yake yi, ana biyansa."

Aka yi ta dariya. Bakina cike yake da masa, don haka ban ba da amsa ba. Ga amsar yanzu a rubuce. Wanda Hausarsa ba ta kai karatu ba, ya kai wa uwarsa ta karanta masa.

Sana'ata gyaran tsofaffin fina-finai ce, irin na zare, waɗanda ake naɗewa a zuba a gwangwani. A Kaduna na koya, a wani gidan talabijin, a hannun Malam Audu, wanda ya yi yawon ƙauyuka da majigi tun kafin a haife ni. Wata uku na farko bai bar ni na taɓa almakashi ba. Farar safar hannu ya ba ni, ya ce in riƙa juya zare ina bin gefensa da yatsu biyu. A gefen kowane zare akwai 'yan ramuka jere, inda haƙoran inji ke kamawa su ja shi. In rami ɗaya ya yage, injin zai tauna fim ɗin kamar akuya ta samu takarda. Malam Audu yakan ce, "Yatsa ya riga ido gani, yaro. Rufe idon ma." Sai daga baya ya nuna mini haɗi: a yanke, a kankare baki da reza, a shafa gam ɗan kaɗan, a danne, a ƙirga goma.

A jikin teburinsa akwai wata tsohuwar jakar atamfa a rataye. Duk guntun da aka yanke, ko bai kai farce ba, cikinta yake shiga. Ba a zubar da ita sai mai aikin ya zo ya gani ya ce ya gamsu. Sunan da ya sa mata jakar da-na-sani. Ku riƙe wannan jaka a ranku, za mu dawo mata.

Da na zo ƙasar nan, tasi na fara ja a Washington, kamar da yawa daga cikin iyayenku da yanzu ba sa son a tuna. Wata rana na ɗauki wani dogon Bature da gwangwanaye shida zuwa Alexandria. Ba mu yi nisa ba na ji motar ta ɗauki wari irin na ruwan khal. Na ce masa, "Yallaɓai, ɗaya daga cikin fina-finanka ya fara tsami. Ka raba shi da sauran, yana yaɗuwa." Ya dube ni ta madubi ya ce wanne. Da muka tsaya na bi su da hanci ɗaya bayan ɗaya, na miƙa masa na huɗu. Mista Bil ke nan, mai wani ɗan shagon gyaran fim a ƙarƙashin wani bene. Litinin na fara aiki wurinsa, kuma hancina ne ya samo mini aikin, ba takardar makaranta ba.

Mun ga masu kawo aiki iri-iri. Ofisoshin gwamnati sukan aiko da kwali ashirin a tashi ɗaya. Malaman jami'a sukan zo da abin da suka ɗauka a ƙuruciya, su tsaya a kanka suna numfashi. Wata mata ta kawo fim ɗin bikin iyayenta da ya shekara talatin a garejin mota, ta ce don Allah in cire mata wata gwaggo da ta cika shiga gaba. Na ce mata datti nake cirewa, ba dangi ba.

Sai shekarar wahala ta zo. Kowa ya koma kwamfuta, manyan kamfanoni suka kwashe aikin gwamnati, mu shida muka koma mu biyu, ni da Mista Bil. Don kada shagon ya mutu, ya sayo wata manhaja mai wanke fim da kanta, kakar wannan app ɗin naku. Ga yadda take aiki. Fim ba komai ba ne illa hotuna jere, ashirin da huɗu a kowace daƙiƙa. Manhajar takan ɗauki hoto ɗaya ta gwada shi da na gabansa da na bayansa. In ta ga wani abu a cikinsa da babu shi a maƙwabtansa, sai ta ce wannan ƙura ce ko ƙarce, ta share. Aikin da nake yi a wata guda da ido, ta yi shi kafin in gama shayi. Ba zan ɓoye muku ba, na ji haushinta mako ɗaya, daga nan kuma na kamu da sonta. Matsala ɗaya, ma'ajiyar kwamfutarmu ƙarama ce, kuma ba halin sayen wata. Saboda haka da an gama aiki, sai a goge ɗanyen hoton da aka fara ɗauka daga zare zuwa kwamfuta don a samu wurin na gaba.

A cikin wannan shekara ne Madam Edna ta zo. Wata tsohuwa ce 'yar firit, ta haura tamanin, da sanda a hannu ɗaya, da ledar cefane a ɗayan. Ta ƙi yarda direban tasi ya riƙe mata ledar. Ta ajiye ta a teburina, tun kafin in buɗe na san labari, don warin khal ya cika ɗakin.

Na ce, "Madam, wannan fim yana mutuwa."

Ta ce, "Ni ma haka. Wa zai riga wani, shi ne ban sani ba."

Katun ne na minti bakwai, kyanwa da ɓera a shagon wanki. Wani ƙaramin kamfani ne ya yi shi 'yan shekaru bayan yaƙin duniya na biyu, ya yi 'yan fina-finai kaɗan ya rufe, kayansa suka watse. Iyakar saninta wannan ne kwafin da ya rage. Tana da shekara goma sha tara ta yi aiki a kansa, a ɗakin fenti. Saura wata guda a yi mata bikin zagayowar ranar haihuwa a gidan tsofaffin da take zaune, can arewa maso yammacin Washington, kuma tana so a haska shi a gaban 'ya'yanta da jikokinta.

Ta ce, "Sun ɗauka tatsuniya nake yi. Jikata ta bincika a kwamfuta, ta ce, Kaka, babu sunanki. To ina za ta gan shi? Maza huɗu aka rubuta a farkon fim. Mu mata talatin da muka shafa fentin, ko ɗaya ba a rubuta ba. Sunana ba ya ciki, amma hannuna yana ciki. Shi nake so su gani."

Zaren ya ƙanƙance, ya bushe, ya lanƙwashe kamar ganyen albasa. Na gaya wa Mista Bil cewa sau ɗaya kawai zai iya bi ta injin ɗauka, ba zai jure na biyu ba. Kwana huɗu na yi ina gyara ramukan gefe. Ranar ɗauka na sa injin a mafi jinkirin tafiyarsa, ina bismilla a kowane haɗi. Ya tsinke sau biyu, amma ya wuce. Na miƙa wa manhaja, ta wanke. Kai, ku zo ku ga kyau! Launi ya fito, ba ɗigon ƙura ko ɗaya, kamar jiya aka zana. Na duba hotuna nan da can a tsaye, na yaba wa kaina. Washegari wata jami'a ta aiko da babban aiki, ana neman wuri a ma'ajiya. Na dubi ɗanyen hoton Madam Edna, na ce ai an gama, na goge. Mai aikin ba ta zo ta gani ba. Na zubar da jakar da-na-sani da hannuna.

Ran Alhamis ta zo kallo. Na ba ta kujera mai laushi, na kashe fitila, na koma gefe ina jiran yabo. Akwai wuri a tsakiyar fim ɗin da ɓera ke ɗaura wa kyanwa igiyar shanya a wutsiya, ya tsaya can ƙarshen shago yana yi mata gwalo. Kyanwa ta zabura, ta tsallaka shagon gaba ɗaya, saura ƙiris ta cafke shi igiyar ta ƙare, ta fizgo ta baya ta faɗa cikin bahon kumfa. Muka zo wurin. Kyanwa tana nan, sai ga ta can, sai ga ta a baho. Ba wanda ya yi ko murmushi, har ni da ban san abin da ya ɓace ba.

Ta ce, "Tsayar."

Na tsayar.

"Mista Isyaku, kyanwata ba ta gudu. Ina iskar?"

Na ce wace iska, Madam?

Ta buga sanda a ƙasa. "Iskar da na zana! Ka ɗauka kyanwa da ƙafa take gudu a katun?"

Nan ta zaunar da ni ta karantar da ni, ni da na shekara ashirin a sana'a. Ta ce maza ne ke zana motsi da fensir a takarda. Sai a kawo wa mata, wasu su bi layin da tawada a kan wata farar leda mai kauri da ake hango bayanta, wasu su juya ledar su shafa fenti ta baya. Sai a ɗora ledar a kan zanen shago, a ɗauki hoto ɗaya, a cire, a ɗora ta gaba. Haka har a gama minti bakwai. In an gama, sai a wanke ledojin a sake amfani da su, shi ya sa ba ko ɗaya da ta rage. To amma in kyanwa za ta yi gudun fitar rai, ba a zana ta sosai. A hoto biyu ko uku, ba kyanwa a wurin sam. Abin da ke wurin shi ne wasu zirin fenti da ake ja da busasshen buroshi, da ƙafafu shida ko bakwai a warwatse. Ido ba ya kama su, amma ciki yana ji, shi ne mutum ke fashewa da dariya bai san dalili ba. Wannan jan buroshi ba kowa ke iyawa ba. A ɗakinsu ita kaɗai ake ba.

Kun ga inda aka kwana? Kowane ziri a hoto ɗaya tak yake fitowa, babu shi a gaba, babu shi a baya. Manhaja ta ce datti ne. Duk abin da Madam Edna ta zo nuna wa jikokinta, shi na wanke tas. Garin neman gira na rasa ido.

Mista Bil ya ce, "Ba komai, sai mu koma ɗanyen hoton." Na sunkuyar da kai. Ya dube ni, ya gane, ya cire tabarau ya fita waje. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba, ko lokacin da Malam Audu ya kama ni ina barci a kan zare. Na gaya wa tsohuwar gaskiya duka, ban ɗora wa inji laifi ba. Ta dube ni ta ce, "To, kai ka ɓata. Ka iya gyara, ko sai wanki?"

Zaren ba zai sake shiga inji ba, wannan tabbas ne. Hanya ɗaya ta rage, in bi shi da hannu, in nemo duk inda iska take, in ɗauki hoton kowanne da kyamara a kan tebur mai fitila a ƙarƙashi, in mayar da shi gurbinsa. Amma a yadda ya bushe, ko buɗe shi aka yi zai karye. Sai na tuna dabarar Malam Audu: a rufe zare a gwangwani da kafur na 'yan kwanaki, turirin yakan sa ya ɗan yi laushi. Na je gida na buɗe akwatin Hajiya Rabi, wanda take ajiye lesunanta na biki, na kwashe kafur ɗin da ta zo da shi daga Kano. Ta kama ni a bakin ƙofa.

"Malam, ina za ka da kafur ɗina?"

"Kyanwa zan kai wa."

"Wato yanzu har turare ake yi mata. Allah ya ba da zaman lafiya."

Kwana shida ya yi a rufe. A na bakwai muka fara, na ce muka, domin Madam Edna ta ce ba ta ƙara barina da fim ɗinta ni kaɗai. Kullum da hantsi tasi ke sauke ta. Ta zauna kusa da ni da madubin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, ni ina warware zare a hankali da farar safa, ita tana cewa, "Nan. Wuce. Wuce. Nan ma nawa ne." Bayan shekara sittin da wani abu, ba ta manta ko ɗaya ba. Tana aiki tana ba ni labari. Ta ce an hana su shiga ɗakin maza masu zane, sai dai a turo musu takardu ta taga. Ta ce fentin toka na jikin kyanwar wari yake kamar ruɓaɓɓen ƙwai in zafi ya yi. Ta ce shugabarsu takan bi layi tana duba farce, wadda ta bar tambarin yatsa a leda ta sake daga farko. In lokacin azahar ya yi, ita ke tuna mini: "Tashi ka yi sallarka, ni zan tsare ta, ba ta gudu tunda ka cire mata ƙafa."

A kwana na tara muka iso wurin igiyar shanya, wanda shi ne zuciyar fim ɗin, kuma nan ne zaren ya fi lalacewa. Hotuna uku ne. Na ɗauki na farko lafiya. Na ɗauki na uku, don ya fi sauƙin shimfiɗawa. Na dawo na tsakiya, na ɗora gilashi a kansa a hankali don ya kwanta. Sai na ji ƙas. Da na ɗaga gilashin, fentin hoton ya bar jikin zaren ya zama gari. Na ajiye gilashin a gefe.

Ta leƙa da madubinta. Ta ce, "Wannan shi ne wanda na fi so."

Na ce, "Madam, ki yafe mini. Zan iya sa kwamfuta ta haɗa na farko da na uku, ta ƙirƙiro na tsakiya."

"Ta ƙirƙiro? Ita da ta cinye na gaske?" Ta gyara zama. "Akwai shagon kayan zane a unguwar nan?"

Dokar sana'armu ita ce ba a ƙara wa fim abin da babu shi. Mai gyara ba mai zane ba ne. Na faɗa wa Mista Bil, ya yi tunani, ya ce, "Dokar ta hana ni da kai. Ban ga inda ta hana mai abin ba."

Na sayo leda da fentin toka da buroshi uku. Ta gwada su a bayan hannunta, ta ƙi biyu, ta sa na rage wa na ukun gashi da reza. Na buga mata hoto na farko da na uku a takarda, ta shimfiɗa leda a tsakaninsu. Ni kuwa ina tsoron kada mu ƙara wa tsohuwa baƙin ciki. Ta tsoma buroshi, ta goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, ta ja. Ta lalata leda ta farko. Ta lalata ta biyu, ta yi wata kalma da ba zan fassara muku ba. A ta huɗu, sai na ga kafaɗarta ta saki, ta ja sau biyar a jere, fiu, fiu, ta ɗiga ƙafafu, ta ajiye buroshi. Na ɗora ledar a kan zanen shagon da na ciro daga wani hoto, na ɗauka, na sa a gurbinsa. Muka kunna. Kyanwa ta zabura, ta tsaga shagon, igiya ta fizgo ta. Mista Bil, wanda bai yi dariya ba tun farkon shekarar, sai da ya riƙe tebur.

Ranar bikin na je da Hajiya Rabi, don ta ce sai ta ga kyanwar da ta ci mata kafur. An cika ɗakin cin abinci da tsofaffi a keken guragu da jikoki riƙe da waya. Da aka zo wurin igiya, ɗakin ya ɗauka da dariya gaba ɗaya, har da Hajiya, wadda ta rufe baki da mayafi. Ba wanda ya ga hoton nan guda ɗaya, wucewarsa ba ta kai ƙiftawar ido ba. Amma saboda shi suka yi dariyar.

Akwai wata doka kuma da ba mu karyawa. Duk abin da aka sauya a fim, sai an rubuta a ƙarshensa, don na baya su san me aka taɓa, kuma wa ya taɓa. Saboda haka da katun ya ƙare, sai wani baƙin allo ya fito da farin rubutu, yana cewa hoto ɗaya ya lalace a hannun mai gyara, kuma wadda ta zana shi tun asali ita ce ta sake zana shi. A ƙasa ga sunanta cikakke. Ban gaya mata zan sa ba, don a wurina ba kyauta ba ce, ƙa'ida ce.

Jikar nan tata mai bincike a kwamfuta ce ta fara karantawa da ƙarfi. Madam Edna ta sa aka tsayar da allon. Ta sa tabarau, ta karanta da kanta, a hankali, har sau biyu. Sannan ta waiwayo ta neme ni da ido, ta nuna ni da sanda.

Ta ce, "Shekara sittin da biyar ina jiran a rubuta sunana a fim ɗin nan. Ashe sai an samu mutumin Kaduna ya ɓata shi tukuna."

To samari, ku ci gaba da app ɗinku, ni ma ina amfani da irinsa kullum, ba a ƙwace wa yaro garma. Amma in kun zo shagonmu, ku dubi gefen teburina. Za ku ga tsohuwar jakar atamfa a rataye, Hajiya ce ta ɗinka mini. Babu komai a ciki sai ledoji uku da Madam Edna ta lalata da buroshi ɗaya mai ragaggen gashi. Ta rasu a bazarar da ta biyo, kuma har ta tafi ba ta taɓa ce mini ta gamsu ba, don haka ban zubar ba.